Komawar allura sifili ba shaidar ingancin ma'aunin gas ba ce

An daɗe ana ɗauka, har a tsakanin wasu ma'aikata a nan Kaduna, cewa muddin aka rufe bututu allurar ma'aunin matsi ta koma sifili, to na'urar lafiyarta ƙalau. Ba haka lamarin yake ba, domin na'ura tana iya faɗin gaskiya a sifili, ta kauce a tsakiya ko a ƙarshen ma'auninta.

Shi ya sa gwaji na ƙwarai yake tafiya mataki-mataki. Ana haɗa na'urar da wata da aka tabbatar da ingancinta, a ɗaga matsin zuwa kashi 25, 50, 75 da 100 cikin ɗari na iyakar ma'auninta, sannan a sauko ta matakan nan, ana rubuta bambancin da aka gani a kowannensu. Ma'aunin zafi ma haka yake: samfurin da ake kira Pt100 yana nuna om 100 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) idan aka tsoma shi cikin ƙanƙara mai narkewa, amma dole a sake gwada shi a zafin da gas ɗin yake aiki a ciki.

Abin damuwar shi ne gas yana kumbura da zafi, yana kuma takurewa da matsi, saboda haka kuskuren digiri 3 kacal a ma'aunin Celsius yana karkatar da lissafin yawan gas da kimanin kashi 1 cikin ɗari. A garin da sanyin hunturu da zafin watan Afrilu suka yi hannun riga, kuma aka fara shimfiɗa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a shekarar 2020, wannan kuskure asara ce ta kuɗi da mai saye ko mai sayarwa zai ɗauka kullum bai sani ba.