Kwatanta wahalar IB, AP da A-Level

IB (International Baccalaureate), AP (Advanced Placement) da A-Level (Advanced Level) tsare-tsaren karatu ne na shekarun ƙarshe na sakandare, inda ake ɗora wa ɗalibi nauyin da ya kusanci na jami'a. An daɗe ana muhawara kan wanne ya fi wuya, amma kowanne da inda yake matse ɗalibi.

An fara A-Level a Ingila a 1951. Ɗalibi kan ɗauki darussa uku, ya shafe shekara biyu a kansu, sakamako kuma daga A* zuwa E. Wahalarta zurfi ce. Wanda ya haɗa lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai ba shi da darasi mai sauƙi da zai fake a bayansa, kuma a Ingila yawancin maki na rataye ne a jarrabawar ƙarshen shekara ta biyu. A Najeriya ana karɓar sakamakonta wajen shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, kamar na IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

AP kuwa tana hannun hukumar College Board ta Amurka tun 1955. Ɗalibi ne ke zaɓar yawan darussan da zai ɗauka, ɗaya ko goma, ya zauna jarrabawa a watan Mayu, a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Nauyinta gwargwadon abin da mutum ya ɗora wa kansa ne.

Difilomar IB, wadda aka kafa ƙungiyarta a birnin Janeba na ƙasar Switzerland a 1968, ba ta ba da wannan sarari. Darussa shida ne tilas, yawanci uku a babban mataki (awa 240 kowanne), uku a matsakaici (awa 150). Gwanin kimiyya sai ya yi adabi da wani harshe, mai gudun lissafi kuma babu inda zai tsere masa. Ga rubutun bincike da kan kai kalma 4,000, ga darasin nazarin yadda ake sanin abu, ga ayyukan ƙirƙira da motsa jiki da hidimar jama'a, waɗanda in ba a kammala su ba babu difiloma. Maki mafi yawa 45 ne, mafi ƙarancin na cin nasara 24. Ta fuskar cin lokaci, da wuya a sami wadda ta kai ta: a shekara ta biyu, wa'adin miƙa rubutun bincike kan zo kusa da na ayyukan cikin aji na darussa shidan, ɗalibi na gyara daftari da dare, da safe yana ɗakin gwaje-gwaje.