Karatun yaro yana farawa tun daga kwanon kunu

Duk ranar awo a ƙaramin asibitin da nake aiki, yaron da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda yake zaune shiru a cinyar uwarsa, ba ya kuka, ba ya ƙiriniya, ba ya miƙa hannu ya kama abin da aka nuna masa. Kwanan baya wata baiwar Allah ta kawo irin wannan yaro, katinsa yana nuna wata 26 da haihuwa, amma da na kwantar da shi a allon awon tsawo sai na ga bai wuce ɗan shekara ɗaya da rabi ba. Da na yi mata bayani sai ta ce, “Malama, ai haka dangin babansa suke, gajeru ne, kuma shi yaro ne mai haƙuri.” Ban ga laifinta ba, domin abin da ta ji ke nan daga manyanta. Sai dai wannan haƙurin da ake yabo sau da yawa rashin kuzari ne, gajartar kuma alama ce ta jikin da ya daɗe bai samu abin da zai ginu da shi ba.

Tamowa iri biyu ce, kuma ɗaya kawai jama'a suka fi sani. Akwai wadda take ramar da yaro cikin ɗan lokaci ko ta kumbura masa ƙafafu, kowa ya gan shi ya san ba lafiya. Akwai kuma tsumburewa, wadda take bin yaro a hankali har tsawonsa ya gaza na tsaransa, ba tare da ya kwanta ciwo ba. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Jigawa 64, a Kebbi kuwa 66. Ma'ana, idan ka shiga wani gari a waɗannan jihohi ka tara yara goma, shida daga cikinsu suna ɗauke da wannan matsala, kuma saboda yawansu ido ya saba har ya daina gani.

Masana sun fi mayar da hankali ga kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan tsakani ne ƙwaƙwalwa take girma da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a mayar da shi duka daga baya. Ba a ka aka faɗi wannan magana ba, an bi yara shekara da shekaru kafin a tabbatar da ita.

A ƙasar Gwatemala, daga 1969 zuwa 1977, masu bincike sun zaɓi ƙauyuka huɗu. A biyu daga ciki ana raba wani kunu mai kauri da aka haɗa da madara da garin da ke gina jiki, a sauran biyun kuma ana raba abin sha mai zaƙi wanda ba shi da sinadarin gina jiki. Bayan kimanin shekara 30 aka koma aka nemo waɗannan yara sun zama magidanta. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya zarce na sauran da kashi 46 cikin 100, matan kuma sun ƙara fiye da aji ɗaya a makaranta, sannan maza da mata sun fi fahimtar abin da suka karanta. Waɗanda suka fara shan kunun bayan sun wuce shekara uku ba a ga wannan ƙarin samu a wajensu ba.

Binciken da ya fi sauya mini salon aiki shi ne na birnin Kingiston da ke Jamaika. A 1986 da 1987, Farfesa Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24, daga unguwannin talakawa. Wasu aka riƙa ba su kilo ɗaya na madara duk mako, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya irina take zuwa gidansu sau ɗaya a mako ta yi awa guda tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Wasu sun samu duka biyun, wasu kuma kulawar asibiti kaɗai. Bayan shekara biyu, waɗanda aka haɗa wa madara da wasa su ne suka fi ci gaba. Amma da aka sake bibiyarsu bayan shekara 20, amfanin madarar ya dusashe, na wasan kuwa yana nan: waɗanda aka yi wasa da su suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100, kamar yadda aka buga a mujallar Science a 2014, kuma an same su da ƙarancin shiga faɗace-faɗace. Kada wani ya fahimci cewa abinci ba shi da muhimmanci, yaro mai yunwa ba ya wasa. Abin da binciken ya nuna shi ne ƙwaƙwalwa tana buƙatar abinci biyu, na ciki da na kunne da ido.

Wannan na biyun ba ya cin ko sisi. Uwa tana tankaɗe da goyo a baya tana iya kiran sunan abin da take taɓawa, ga rariya, ga ƙwarya, ga muciya. Gwangwanin madara da 'yan tsakuwa a ciki, in an toshe bakinsa da kyau, ya zama kacau-kacau. Tawai da waƙoƙin reno da kakanninmu suke yi ashe karatu ne, tatsuniyar dare ma haka. Abin da nake roƙo shi ne a daina cewa jariri bai san komai ba don haka ba a yi masa magana, kuma kunyar ɗan fari kada ta hana uwa kallon idon ɗanta ta yi masa murmushi. Uba ma ya ɗauki yaro idan ya dawo daga gona ko kasuwa, muryarsa tana da nata gurbin.

Game da abinci kuwa, farkon kuskure yana faruwa ne a ranar haihuwa, lokacin da ake matse dakashi a zubar wai ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, ko ruwa ba sai an ƙara ba duk zafin bazara, domin mafi yawan nonon ruwa ne. A 2018 kashi 29 cikin 100 kacal na jariranmu suke samun nono zalla. Daga wata shida sai a fara ƙarin abinci, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda addini ma ya karantar. A nan ne nake yawan ganin koko tsararo kamar ruwan wanke ƙwarya, yaro ya cika ciki da shi ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. Cikin ɗan wata shida ƙarami ne, dole abin da zai shiga ya zama mai kauri, wanda idan aka karkata cokali ba zai zube nan take ba. A soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa a niƙa tare, a riƙa damawa ana ƙara garin zogale, ko dakakken busasshen kifi, ko ɗan manja. A ba yaro wake da kabewa da gwanda, a ba shi ƙwai. Maganar cewa yaron da ya saba da ƙwai zai zama ɓarawo ba ta da tushe, kuma abin takaici ne a kai ƙwan zabi kasuwa a sayo wa yaro biskit da kuɗin.

Ba na mantawa cewa akwai gidajen da babu ne ya hana, musamman daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun taso. A yunwar 2005 a Nijar, yankin Maraɗi da ake kira rumbun ƙasar shi ne ya fi yawan yara masu tamowa, domin hatsi yana kasuwa amma talaka ba ya iya saye. Shi ya sa nake kira ga magidanta su ware buhun gyaɗa da na wake tun da kaka, a ce wannan na yara ne da mai ciki, kada a sayar da shi saboda biki.

Ga hukumomi kuma akwai gyara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara kafin firamare, shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 kuwa ya shafi aji ɗaya zuwa uku. Ciyarwar abu ne mai kyau, tana jawo yara aji, tana sa su zauna. Amma ɗan aji ɗaya ya riga ya wuce kwana 1,000 ɗinsa da shekara huɗu, kuma malamin da ke fama da yaron da ba ya riƙe baƙi da wasali yana girbin abin da aka shuka tun yaron yana goye. A ganina kuɗin da za a kashe wa ma'aikatan da za su riƙa shiga gida-gida suna zama da iyaye mata, kamar yadda aka yi a Kingiston, kuɗin ilimi ne, kuma ya kamata ma'aikatar ilimi da ta lafiya su zauna a tabarma ɗaya a kansa. Masu unguwanni da limamai da kwamitocin makarantu suna da bakin da za su nemi haka.

Kafin nan, kowace uwa za ta iya koyon awon dantse da ɗan tef mai launi uku, ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya tsaya a kore, a ci gaba da kulawa. Idan ya shiga rawaya, a kawo shi a duba cikin makon. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuma aka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa gurbin ya zauna, a kawo shi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa. Madarar gyaɗar da za a ba shi magani ce ta shi kaɗai, ba a raba ta da yayyensa, ba a kuma kai ta shago.