Abubuwan da ke sa maganin rashin natsuwa ya karɓi yaro ko ya ƙi shi

Rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wanda likitocin Nijar ke rubutawa TDAH, lalura ce ta ƙwaƙwalwa da ke bayyana kafin shekara 12. Maganin da aka fi ba yara shi ne methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta. Kusan yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi da maganin farko. Sauran ukun kuwa, kafin a ce magani bai karɓe su ba, akwai abubuwan dubawa.

Da farko a tabbatar cutar ce. Yaron da ba ya ji sosai, ko yake kwana da minshari yana farkawa, ko ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, zai iya zama a aji kamar mai wannan lalura. Haka mai farfaɗiya da ke shan phenobarbital, domin shi kansa maganin yana sa yara ƙiriniya. A Yamai da Tahoua, inda ƙarancin jini ya yawaita tsakanin yara, ya kamata a auna jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe yana dagula barci da natsuwa.

Sai awo. Nauyin yaro ba ya nuna yawan methylphenidate da zai ishe shi. Wani ƙaramin yaro yana buƙatar fiye da yayansa. Likita kan fara da miligiram 5 sau ɗaya ko biyu a rana, ya riƙa ƙara 5 zuwa 10 duk mako, ba a wuce 60 a rana. A nan aka fi yin kuskure: a tsaya a awon farko a ce bai yi ba, ko a yi gaggawar ƙarawa har yaro ya yi jugum, ba wasa ba magana. Wannan shirun alama ce ta awo ya yi yawa, ba waraka ba ce.

Lokacin sha ma yana da tasiri. Ƙwaya mai saurin aiki tana kamawa cikin kamar rabin awa, ta sake shi bayan awa 3 zuwa 4. Yaron da ya sha da bakwai na safe, kafin azahar maganin ya fita, malamin yamma ko na makarantar allo zai rantse ba ya shan komai. Concerta tana kai awa 12, amma haɗiye ta ake yi ɗungurungum. In aka fasa ko aka tauna ta, tsarin fitar maganin a hankali ya lalace.

Maganin yana rage cin abinci, kuma saboda haka iyaye da yawa ke dakatar da shi. A ba yaro koko ko fura ya ƙoshi kafin ya sha, a tanadar masa abincin dare mai kauri, a ba shi ruwa sosai lokacin zafin Afrilu da Mayu. A riƙa auna nauyinsa da tsayinsa da hawan jininsa.

Yara masu galahanga (autism) ko jinkirin fahimta ba su cika samun sauƙi kamar sauran ba, illoli kuma sun fi kama su. Ƴan ƙasa da shekara 6 ana fara musu da koya wa iyaye dabarun tarbiyya. Idan methylphenidate ya ƙi, akwai atomoxetine, shi kuma da nauyi ake auna shi, kuma yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa. Hantar wasu yaran tana jinkirin narkar da shi, sai illarsa ta fi yi musu yawa.

Methylphenidate yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara, ba a sayensa sai da takardar likita. Kada a nemi madadinsa wurin masu tallar ƙwaya a kasuwa. Kafin kowace ganawa da likita, a karɓo bayanin malamin aji a rubuce, na safe daban, na yamma daban, domin da shi ake gyara awo.