Waiwaye: Binciken kufai a ƙasar Maraɗi, inda aka faro da inda aka tsaya

Kusan duk abin da aka sani game da kafuwar Maraɗi daga bakin fada ya fito kafin ya shiga takarda. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, magajinsa Ɗan Kasawa ya yi zaman Damagaram, sannan wajen 1819 ya kafa gadon sarauta a bakin gulbi. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda Sarki Rauda ya kwanta dama tare da Sarkin Gobir Ali, daga nan Gobirawa suka kafa Tsibiri. Wannan jeri yana da ƙarfi, makaɗa da dattawan fada sun riƙe shi da kyau. Sai dai tarihin sarauta ne. Ba ya faɗin su wa aka tarar a kwarin gulbi, tun yaushe suke nan, wace irin tukunya suke ginawa, ina suke samo tama. Waɗannan tambayoyi ƙasa ce ke amsa su, kuma a nan jihar ba a tambaye ta sosai ba.

Bature na farko da aka san ya shigo garin shi ne Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth. A 1851 suka rabu a wajen Tasawa, Barth ya bi ta Gazawa ya nufi Katsina, Overweg ya karkato Gobir da Maraɗi. Ya rasu a 1852 a bakin tafkin Chadi bai tsara rubutunsa ba, shi ya sa kaɗan ne ya iso gare mu daga abin da ya gani. Sai tawagar Tilho, wadda ta shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1909. Tafintanta Landeroin yana jin Hausa, ya zauna da masu sarauta ya rubuta jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, kuma har yau da yawan shekarun da ake kawowa a littattafan makaranta daga gare shi suka samo asali. Bayan ƴancin kai aka samu Philippe David, wanda ya yi nazarin tsohuwar daula da tsohon garin a 1964, da M. G. Smith da ya bayyana tsarin mulki a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, da Guy Nicolas da ya daɗe yana nazarin Anna, wato Hausawa masu bin addinin gargajiya, da bori da al'adar kyauta, sai Emmanuel Grégoire da alhazan birni. Aiki ne mai nauyi, amma na tambaya da sauraro da karatun takardun mulkin mallaka ne. Tono bai shiga ciki ba.

Masu tono sun nufi wasu wurare, kuma da dalili. A Azbin da Tenere iska kan kwashe yashi ta bar kayan dubban shekaru a fili, mai bincike ya tsinta ba tare da ya sha wahalar gatari ba. Ga shi kuma masu ba da kuɗin bincike a Turai sun fi son abin da ya fi tsufa. A Marandet, kudu da Agadas, an samu dubban ƙananan tukwanen narka tagulla, kuma masana irin su Djibo Hamani sun danganta wurin da Maranda da marubutan Larabawa suka ambata tun ƙarni na 9, da kuma zaman Gobirawa kafin su gangaro kudu. To amma Birnin Lalle, a gundumar Dakwaro, wanda bakin Gobirawa ke cewa nan suka yi babban zango a kan hanyar, bai samu rabin wannan kulawa ba. An san farkon tafiyar, an san ƙarshenta, tsakiyar da ke cikin jiharmu ce ta fi duhu.

Dokar da ke tsare kayan tarihi ma daga yamma matsalarta ta taso. A 1975 aka ci karo da maƙabartar Bura a yankin Tera, Boubé Gado na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta Yamai, ya tona ta a 1983, aka fito da tulunan binne gawa da mutum-mutumin yumɓu, har da na mahayin doki. Da aka baje su a nunin da aka buɗe a Paris a 1993, dillalai suka ga kuɗi. Cikin ƴan shekaru aka yi wa kufan yankin wasoso, ana fasa goma don a samu guda mai lafiya. Nijar ta riga ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fataucin kayan tarihi, amma sai 30 ga Yuni 1997 aka samu dokar cikin gida mai lamba 97-022. Abin da ta tanada a taƙaice: kayan tarihin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne ko da gonar ta mutum ce, ba a tono sai da izini, ba a fitar da su waje sai da izini, wanda kuma ya ci karo da su dole ya sanar da hukuma. Doka ce mai kyau a takarda. Mai haƙar rijiya a ƙauyen Madarunfa bai taɓa jin labarinta ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Wurare biyu da ke maƙwabtaka da mu sun nuna irin abin da ake asara. Na farko Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina, inda ake da tuddan kaburbura na tsofaffin sarakuna. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka na Ingila, ya sa an fasa wasu a 1907. A 1992 aka tona uku da tsari, aka ɗebo gawarwakin tare da ƙasar da ke jikinsu dunƙule guda, aka kai Mainz a Jamus aka warware su a hankali cikin ɗakin bincike. An samu ƴan kunne na zinariya, da warwaron hauren giwa, da duwatsun ado, da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, kuma shekarun sun faɗa tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wannan ya shafi Maraɗi kai tsaye, domin Durɓi na cikin manyan masu zaɓen sarki a nan, tare da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka. Na biyu Kufan Kanawa a jihar Damagaram, wanda Anne Haour ta tona ta wallafa a 2003. Baki na cewa daga nan mutanen Kano suka tashi. Tono bai tabbatar da haka ba, bai kuma ƙaryata ba, amma ya ba da abin da baki ba ya bayarwa: ganuwa da za a iya aunawa, da tsingaro masu zanen naɗaɗɗen kaba da ake mirginawa a jikin ɗanyar tukunya, wanda za a iya gwadawa da na sauran kufai.

Maraɗi tana da abin da waɗannan wurare biyu ba su da shi, wato kufai da aka san shekarar tashinsa. Tsohon garin a cikin kwari yake, kewaye da ganuwa mai ƙofofi huɗu. A 1945 gulbi ya cika ya ci shi, hukumar Faransa ta mai da mutane kan tudu, aka yanka tituna a miƙe, unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci suka hau da sunayensu. Ma'ana, a inda ba a dagula ba, abin da ke ƙarƙashin lakar ambaliyar ya riga 1945. Ga mai bincike wannan babbar dama ce, saboda wahalar da ke tattare da ƙiyasta shekarun ƙarni biyu ko uku na baya-bayan nan.

Ga wahalar. Mutane sun ɗauka gwajin kabon 14 na warware komai: a kai gawayi, na'ura ta faɗi shekara. Ga abin da ya kai shekara dubu yana aiki da kyau. Amma daga wajen 1650 zuwa 1950 yawan kabon 14 a iska ya yi ta hawa da sauka, har gawayin zamanin Ɗan Kasawa da na zamanin Faransawa da na shekaru ɗari kafin jihadi kan ba da sakamako iri guda. Duk tarihin Katsinar Maraɗi cikin wannan tazara ya faɗa. Ga kuma matsalar tsohon itace: azarar da aka ƙona a 1900 ta yiwu an sare ta tun kakanni, don haka ƙwayar gero ko ta dawa da ta ƙone ta fi gungumen gawayi amfani, tunda shekara guda ta rayu.

Saboda haka ƙananan kaya ake dogara da su. Taba ta iso Afirka ta Yamma wajen 1600, don haka lofen yumɓu na nuna cewa shimfiɗar da ya fito ciki ba ta riga wannan lokaci ba. Wuri, wato wanda ake kashewa a matsayin kuɗi a da, iri biyu ne: ƙarami na tsibiran Maldib, wanda ya daɗe yana shigowa, da babba mai zoben rawaya a baya daga gabar Afirka ta Gabas, wanda ƴan kasuwar Jamus suka fara jibgowa a tsakiyar ƙarni na 19. Azurfar Mariya Tareza tana yaudarar mutane ƙwarai, domin duk wadda aka sake bugawa bayan rasuwar sarauniyar, shekarar 1780 aka rubuta mata, ko da a ƙarni na 20 aka buga ta. Anini da kwabo masu huji na Ingilishi, da kwalabe, da kwanon langa, su ke nuna shigowar Turawa. Dukansu kuwa abu guda suke faɗi: ba a riga shekara kaza ba. Ba sa faɗin yaushe aka yar da su, tunda mace kan ajiye tsakiya ta kakarta. Kuma ba su da amfani sai an san daga wane zurfi suka fito, tare da me. Lofen da yaro ya tsinto ya kawo a aljihu abin kallo ne kawai.

Aikin da ya kamata a fara da shi ba tono ba ne, zagaye ne. Bayan an cire amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mutane biyar ko shida su jeru da tazarar mita 10 su ratsa fili, suna sa alamar GPS a duk inda tsingaro ya yi yawa, ko kashin tama, ko dutsen niƙa, ko gululun kaɗi, ko bakin rijiyar marina mai daɓen laso. Ganuwar da ta narke kan bar doron ƙasa mai faɗi da kwari a gefensa, an fi ganinta da sassafe ko da la'asar sakaliya lokacin da inuwa ta miƙe. Tsofaffin kukoki da suka taru wuri guda su ma shaida ne. Mai gari da dattawa su shiga tafiyar tun farko, su ne suka san sunan kowane kufai da wurin da ba a taɓawa.

In an zo tono, ramin gwaji na mita 1 a kan 1 ko 2 a kan 2 ya isa. Ana sauka santimita 10 a kowane zubi, in launin ƙasa ya sauya kafin haka sai a bi launin. Duk ƙasar da ta fito ta bi ta rariya mai ido milimita 5, a ware kamar lita 10 a zuba a ruwa don ƙwayoyin hatsin da suka ƙone su taso a kwashe su da kyalle. Gawayi a naɗe shi a takardar alminiyam, ba a kama shi da hannu ba. Abin da ke ɓata aiki a irin ƙasarmu sananne ne. Gara da ɓera kan gangara da ƙananan abubuwa daga sama zuwa ƙasa, don haka tsakiya guda a zurfin mita biyu ba hujja ba ce. Mutanen da kansu sun haƙa kududdufi da masai da kabari cikin shimfiɗar waɗanda suka riga su, in ba a gane bakin ramin ba sai a cakuɗa zamani biyu. Bangon yashi kan rufta da zarar an wuce mita ɗaya da rabi in ba a yi masa matakala ba. Tsingaron da aka ƙulle a leda da danshi kan yi fumfuna, ƙarfen da aka wanke da ruwa kan ci gaba da tsatsa har ya ruɓe, tukunya mai baƙin girki a ciki kuwa ba a wanke ta sam, don daga wannan ɓawon ake gano abin da aka dafa. Mafi yawan asara ma bayan an tashi daga fili take faruwa: rana ta cinye leda, gara ta cinye takardar shaida, shekara biyar baya a tarar da buhun tsingaro ba a san na wane rami ba ne. Shi ya sa ake sa shaida biyu, guda ciki guda waje, a kuma rubuta lamba da tawada a jikin tsingaron kansa. In aka ci karo da ƙashin mutum, musamman wanda ke kwance kan dama yana fuskantar alƙibla, a dakata a kira liman da mai gari.

Lokaci ba ya jiran wannan aiki. Masu buga bulo da tubali na cin gefen gulbi, motocin yashi na bin bayansu, yankan filaye na haɗiye gonakin da ke kewayen birni. Manoma kan ɗebi ƙasar kufai su kai gona saboda tokarta da takinta, garmar shanu kuma ta fi hauya nitsewa, tana farfasa abin da da ke kwance lafiya. Tun da aka yi rububin zinariya a Jado da ke arewacin Nijar a 2014 na'urar neman ƙarfe ta yawaita a hannun jama'a, ita kuwa ba ta bambanta ɗanyar zinariya da munduwar kabari. A 2006 Nijar ta sa dajin Madarunfa da tafkinsa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su, amma shiga jerin jira ba ya sa wa wuri shinge. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a 2010 tana da ɗaliban nazarin ƙasa da na noma waɗanda suka iya GPS da zanen taswira, kuma lissafa kufan gunduma guda bai fi ƙarfin irinsu ba in masanan IRSH suka ja gaba.

Kafin a kai ga haka, wanda ya ci karo da tulu ko ƙarfe ko ƙashi yana haƙar rijiya ko tushen gini ya bar shi inda yake. Ya ɗauki hoto da salula tare da wani abu da zai nuna girma, ko da takalmi ne, ya auna zurfin daga bakin rami, ya rufe da buhu da ɗan yashi, sannan ya sanar da mai gari da ofishin magajin gari su kai maganar ga hukumar al'adu ta jiha.