Waiwaye: Yadda Wurin Ajiye Mota Ya Zama Abin Rigima A Ginin Gidajen Haya A Katsina

Da zarar maƙwabta sun ji cewa filin da ke layinsu bene za a ɗora masa, mai sassa shida ko takwas na haya, tambayar farko ita ce a ina masu hayar za su riƙa yin fakin. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin hassada ko ƙyamar baƙo. Mu a ganinmu magana ce ta awo, kuma ta samo asali tun daga yadda aka gina garin.

Taruwar iyalai da yawa a gida ɗaya ba sabon abu ba ne a Katsina. A cikin ganuwa, gidan gado ɗaya kan ɗauki magidanta biyar ko fiye, kowa da sashensa, zaure ɗaya ake shiga. Lungunan an bar su ne daidai mai tafiya a ƙasa, da jaki da mangalarsa, da doki. Akwai hadisin da ya ce idan an yi saɓani a kan hanya a bar mata zira'i bakwai, wato wajen mita uku da rabi. Wannan ya ishi dabba mai kaya ta wuce, amma mota ɗaya in ta tsaya a ciki ta cinye rabi. Ƙofar gida kuwa a al'ada ta mai gida ce: nan dakalinsa yake, nan ake ɗaurin aure da suna da zaman makoki. Har yau da wannan fahimtar mutane ke kallon gaban gidansu, alhali a doka titi na jama'a ne. Rabin rigimar daga nan take tasowa.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, aka ci gaba da yanka fuloti, galibi ƙafa 50 da 100 ko 100 da 100. Rukunin gidaje irin na Shagari Low Cost, da aka yi a jamhuriya ta biyu, an tsara su ne a kan iyali ɗaya a gida ɗaya, mota ɗaya in ma akwai. Da aka ƙirƙiro jihar a ranar 23 ga Satumba 1987, ma'aikata suka dawo daga Kaduna, buƙatar gidan haya ta tashi, gari ya fita bayan ganuwa ta Ƙofar Kaura da Ƙofar Kwaya da hanyar Dutsin-ma. Wani ɓangaren faɗaɗar gwamnati ce ta shata shi. Wani kuma gonaki ne dillalai suka yayyanka, abin da ake kira awon igiya, inda kowane taku da aka bar wa hanya asara ce a wurin mai sayarwa. Dokar tsara birane ta tarayya ta zo a 1992, ta tarar an riga an yi nisa.

Sai mota ta yawaita. Motocin hannu da ake saukewa a Kwatano sun riƙa shigowa ta Maraɗi da Jibiya, har aka hana shigo da mota ta kan iyakar tudu daga farkon 2017, kuma kafin nan ƙaramin ma'aikaci ma ya samu ta hawa. Jami'ar Al-Qalam da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua sun ƙaro malamai da ɗalibai masu neman haya. A 'yan shekarun nan matsalar tsaro ta koro iyalai daga Batsari da Jibiya da Safana zuwa cikin gari. Fili ya yi tsada, saboda haka mai kuɗi yake ganin gara ya hau sama. Ba mu ga laifinsa a nan ba, gari na bukatar gidajen.

Matsalar tana bayyana ne in aka ɗauki tef ɗin awo. Mota ɗaya tana son wuri mai faɗin mita 2.5 da tsawon mita 5. In za a jera su a miƙe, sai an bar mita 6 a bayansu don ribas. In aka haɗa da wurin juyawa, kowace mota na cin kusan murabba'in mita 25. Fulotin 50 da 100 kuwa mita 15 ne da 30, wajen murabba'in mita 450 ke nan. Sassa shida, mota ɗai-ɗai, sun ɗauke 150, kashi ɗaya cikin uku na filin, ba a ƙirga baƙo ba, ba a ƙirga gidan da miji da mata kowa ke da tasa ba. Abin da aka fi yi shi ne a bar mita 6 a gaba, a zana motoci shida a jere a takarda tunda faɗin 15 ya raba daidai. A ƙasa ba haka take ba. Get ya ci mita 4, ɗakin maigadi da janareta da ƙarfen tankin ruwa sun ci kusurwa guda, marfin sokawe ba ya ɗaukar nauyin mota sai an zuba shi da rodi mai kyau. Ƙarshenta uku ke shiga, su ma wata ta tare wata, sai an tashi maƙwabci da asuba ya janye tasa. Bayan wata biyu kowa ya gaji, ya koma ajiyewa a waje. Mafi muni shi ne mai gida ya karɓi izini da wannan zanen, daga baya ya fasa katangar gaba ya fitar da shaguna, wurin motar ya tafi, masu sayayya kuma sun ƙaru.

A layi mai faɗin mita 9, magudanar ruwa ta gefe biyu ta cinye kusan mita 2. Mota a dama, mota a hagu, kowace mita 2, saura mita 3. Motar kashe gobara da tankar ruwa da tifa faɗinsu ya kai mita 2.5, ga sandar lantarki, ga kwana. Ranar jana'iza ko biki kuwa layin ya rufe gaba ɗaya. Wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba ita ce cike magudana da ƙasa don mota ta hau, maimakon a yi kwalbati. Ruwan Agusta in ya zo, gidan da ke gangare shi ke biya.

Lokacin gyara shi ne kafin a haƙa harsashi. Zanen gini yana bi ta Hukumar Tsara Birane ta jiha, kuma abin da ya kamata maƙwabta su nemi gani shi ne taswirar filin, ba hoton benen ba: sassa nawa, wurin mota nawa, kowace za ta iya fita ba tare da an motsa wata ba, ina sokawe, ina get yake fuskanta. Koke a rubuce, da awon faɗin layin da sa hannun magidanta, ta hannun mai unguwa, ya fi tasiri a kan cacar baki da leburori. Mafita kuma an san su. A rage sassa daga shida zuwa huɗu, ko a ɗaga ginin a kan ginshiƙai a bar ƙasan ga motoci, wanda ke ƙara kuɗin rodi da kankare kuma yana son injiniya na gaske, ko a haɗa fuloti biyu a yi hanyar shiga ta tsakiya. Get mai zamewa gefe ya fi mai buɗewa waje, domin ba ya tare titi. A takardar haya kuma a rubuta lambar wurin kowane sashe, har da inda za a jingine babur da Keke Napep, tunda da yawan masu haya su ne abin hawansu, kuma babura uku na shiga wurin mota ɗaya.