Sauya tambayoyin binciken gidaje: amsoshin abin da kuke ta tambaya

Duk sa'ad da hukumar ƙididdiga ta ce za ta sake duba takardar tambayoyin da take shiga gidaje da ita, tambayoyi iri ɗaya ne ke biyo baya, daga ɗalibai, da 'yan jarida, da ma'aikatan ƙungiyoyi. Bakina ya gaji da maimaita amsoshin. Ga su nan wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Binciken gidaje shi ne ƙidayar jama'a?

A'a. A ƙidaya kowa ake ƙirgawa, galibi bayan shekara 10. A binciken gidaje kuwa wasu gidaje ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a, a yi musu tambayoyi masu zurfi kan aiki, kashe kuɗi, lafiya ko karatu, sannan a auna ƙasa baki ɗaya da su.

Tambaya ɗaya tak nake so a ƙara. Mene ne wahalar?

Kowa ma ɗaya tak yake so. Ma'aikatar lafiya ɗaya, ta ilimi ɗaya, mai ba da tallafi ɗaya, malamin jami'a ɗaya, kafin ka ankara takardar ta kumbura, hirar da ake gamawa cikin awa guda ta koma biyu. Kuma ba kai za ka zauna ka amsa ba. Wadda za ta amsa ta bar aikinta ne ta ba ma'aikacin hukumar wurin zama. A farkon hira tana tunani kafin ta buɗe baki. Can wajen tsakiya sai ta gano cewa duk inda ta ce "e", wasu tambayoyi biyar ne ke biyowa, inda ta ce "a'a" kuwa shafi ake juyawa. Daga nan "a'a" ta fara yawa. Shi ma ma'aikacin da ke da sauran gidaje a gabansa kafin rana ta faɗi ba zai ja da ita ba. Sai a ga tambayarka ta shiga, amma ta lalata waɗanda ke bayanta. Saboda haka in ka zo da sabuwa, zo da sunan wadda za a cire, ka kuma faɗi hukuncin da za a yanke da amsar. "Zai yi kyau a sani" ba dalili ba ne.

To me ake yi a wannan sake dubawar?

A ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a ce: wa ke amfani da wannan, akwai dokar da ta wajabta ta, akwai wani wurin da ake samun amsar ba tare da an wahalar da magidanci ba, kuma mutane nawa ke tsallake ta? Wadda ta kasa kare kanta ta fita. A Amurka, binciken da hukumar ƙidayarsu ke aika wa gidaje wajen miliyan 3.5 a kowace shekara ya samu tambayoyin kwamfuta da intanet a 2013, sannan a 2016 aka cire tambayar ko gidan na da masai mai ruwa, domin kusan kowane gida yana da shi.

Idan aka sauya tambaya, ana iya kwatanta sabon sakamako da na shekarun baya?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna mata, kuma amsarta ba ta da daɗi: wani lokaci ana iya, sau da yawa ba a iya ba, kuma mai sauyawar kansa ba ya sanin wanne ne sai ya gwada.

Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani shi ne, ƙaramin gyara na iya motsa alƙaluma fiye da yadda shekara biyar na ci-gaba ko koma-baya za su motsa su. Ɗauki tsawon lokacin da ake ce wa mutum ya tuna. Ka tambaye shi abin da gidansa ya ci cikin kwana 7, zai tuna kusan komai, har ya jawo na kwana na tara da na goma ya cusa ciki. Ka tambaye shi na kwana 30, zai manta da ƙananan sayayya. In ka mayar da amsoshin biyu lissafin wata guda, na kwana 7 ya fi yawa, sai gidan ya fito kamar ya fi wadata alhali ko kwabo bai ƙaru ba. Indiya ta faɗa cikin wannan a zagayen bincikenta na 1999 zuwa 2000. An daɗe ana tambayar abinci da kwana 30, sai a wannan zagaye aka tambayi gida ɗaya na kwana 7 da na kwana 30 gefe da gefe. Talauci ya fito kusan kashi 26 cikin 100, daga kusan kashi 36 a zagayen 1993 zuwa 1994. Nawa ne raguwar gaske, nawa ne aikin takarda? Masana tattalin arziki sun yi shekaru suna ja-in-ja a kai, don ba a bar wani rukuni a kan tsohuwar tambayar ita kaɗai da za a auna da shi ba.

A Tanzaniya kuwa da gangan aka yi. A 2007 zuwa 2008 masu bincike suka raba gidaje kusan 4,000 kashi takwas ta ƙuri'a, kowane kashi da irin takardarsa: wasu doguwar jerin kayan abinci, wasu gajeriya, wasu tunawa, wasu rubuta abin da aka ci kullum. Ƙauyuka ɗaya, lokaci ɗaya. Adadin masu fama da yunwa ya fito daga kashi 19 har zuwa 68 cikin 100, gwargwadon takardar da aka yi amfani da ita.

To mene ne mafita? Wadda ta fi kyau ita ce a tafi da tsohuwa da sabuwa tare na wani lokaci. A raba gidajen biyu ta ƙuri'a, rabi su amsa tsohuwar takarda, rabi sabuwa, a cikin watanni ɗaya, bambancin da ya fito shi ne tasirin sauyin, sai a gina gada da shi tsakanin shekarun. Kusan haka Amurka ta yi kafin ta sauya bincikenta na wata-wata kan masu aiki da marasa aiki a Janairun 1994: ta gudanar da sabon a gefe tun daga tsakiyar 1992 har ƙarshen 1993. Amma kar in yaudare ku. Wannan hanya tana cin kuɗi, kuma in gidajen ba su da yawa, rabawa biyu na raunana kowane rabi, ta yadda gadar za ta iya ɗaukar alƙaluman ƙasa baki ɗaya amma ta kasa ɗaukar na jiha ko lardi. Kuma gadar da aka gina a shekarar damina mai kyau ba lallai ta yi aiki a shekarar fari ba, tunda yadda mutane ke amsawa na bin halin da suke ciki.

Idan babu kuɗin wannan, akwai ta biyu: a duba sassan da ba a taɓa ba, kamar irin rufin gida, karatun magidanci, kayan da aka mallaka, a yi amfani da su wajen ƙiyasta abin da tsohuwar tambaya za ta bayar. Ana yi, amma ƙiyasi ne, ya kamata a kira shi da sunansa. Ta uku kuma, wadda ba wanda ke so: a ja layi a jadawalin, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa na sama da na ƙasa ba sa kwatantuwa. Ni dai a ganina in an rasa ta farko, ta uku ta fi mutunci, ko da yake na san minista ba zai so a ce masa ba za a iya faɗin ko talauci ya ragu a zamaninsa ba. Abin da ba shi da hujja kwata-kwata shi ne a sauya tambaya a yi shiru, a ci gaba da zana layi ɗaya kamar ba abin da ya faru.

Sannan ba kalmomin tambaya kaɗai ke karya kwatance ba. Matsar da ita daga shafi na biyu zuwa na goma, komawa daga takarda zuwa kwamfutar hannu, daga gaba-da-gaba zuwa waya, ko barin miji ya amsa a madadin matarsa, duk suna iya yi.

Ai duk wannan dabara ce ta gwamnati don ta gyara alƙaluma, ko ba haka ba?

Ku rage saurin yanke hukunci. Na san abin da ke ranku. A Najeriya rashin aikin yi ya kasance kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai rahoton da ya fito a Agustan 2023 ya ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma'auni ne ya sauya. A da, wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba ana lissafa shi marar aiki. Sabon tsarin ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, inda awa ɗaya ta aikin samun kuɗi a mako ta isa a ce mutum yana da aiki. Kuna da damar cewa ma'aunin bai dace da ƙasar da yawancin mutane ke buga-buga ba, wannan muhawara ce ta gaske. Amma wanda ya ɗora 33.3 kusa da 4.1 ya ce an samu ci-gaba, da wanda ya ɗora su ya ce an yi ƙarya, kuskure ɗaya suka yi. Ku karanta bayanin hanyar da aka bi. Yana nan a rahoton, shafukan da kowa ke tsallakewa ne.

In haka ne, a bar takardar yadda take mana.

Ba zai yiwu ba. Takardar da ke tambayar rediyo da wayar tangaraho ba ta san da kuɗin da ake turawa ta wayar hannu ba. Ƙa'idojin duniya ma suna motsi: taron masana ƙididdigar ƙwadago na 2013 a Geneva ya fitar da mai noma don cin gidansa kawai daga rukunin masu aikin yi, ya ba shi rukuni nasa daban. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A dai gyara a tattare, lokaci guda, ba kowace shekara a ɗan taɓa ba.

Dole ne sai an gwada sabuwar tambaya? Ai a fili take.

A fili take gare ka da ka rubuta ta. Zaunar da mutum goma sha biyar, karanta musu, sannan ka ce kowa ya faɗa maka da bakinsa abin da ya ji ana tambaya. Ka ce wa mace "kin yi aiki a makon jiya?" ta ce a'a, ga kayan sana'arta jibge a bayanta, don ita a wurinta aiki shi ne na albashi. In ba ka ga wannan a gwaji ba, za ka gan shi bayan an gama gidaje dubu ashirin. Kuma a gwada a kowane harshen da za a yi hirar da shi, kar a bar ma'aikaci yana fassarawa da ka a ƙofar gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu da ba ma'aikatan hukuma ba muna da ta cewa?

Kuna da ita, in kun yi magana a kan lokaci. A 2023 hukumar ƙidayar Amurka ta so sauya tambayoyin naƙasa zuwa masu amsa hawa huɗu, daga "babu wahala" zuwa "ba na iyawa sam". Gwajinta ya nuna adadin masu naƙasa zai sauka daga kusan kashi 14 zuwa kusan 8. Dubban mutane suka rubuta ƙorafi, a Fabrairun 2024 ta janye. Ku lura da abin da ya ba su makami: an gwada, an kuma buga sakamakon gwajin kafin a aiwatar.

Wata nawa aikin ke ɗauka?

Shekaru, in ana so a yi shi daidai. Wanda ya ce maka wata uku, ko dai bai tuntuɓi kowa ba ko bai gwada ba.

Sabbin tambayoyin za su sa a san abin da na faɗa?

Kwantar da hankalinka. Ana cire suna da adireshi kafin a saki bayanan, kuma dokokin ƙididdiga a yawancin ƙasashe sun hana bayyana amsar mutum ɗaya. In ma'aikaci ya zo, nemi katin shaidarsa. Tambayar da ba ka gane ba ka ce ya maimaita, kar ka ce "a'a" don kawai ya tashi.