Wasan Ƙirƙirar Ma'ana: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wasa ne wannan?

Wasa ne na zaman hira da ake yi da ƙamus, da 'yan takardu da biro. Mutum ɗaya, a kira shi alƙali, zai lalubo kalmar da babu wanda ya san ta a cikin masu wasan. Sai ya faɗe ta da ƙarfi, ya rubuta ma'anarta ta gaskiya a ɓoye. Kowa kuma ya ƙirƙiro tasa ma'anar, ya rubuta ta kamar daga ƙamus ta fito, ya miƙa. Alƙali ya cakuɗa takardun, ya karanto su ɗaya bayan ɗaya ba tare da fuskarsa ta nuna komai ba, sannan kowa ya zaɓi wadda yake ganin ita ce ta ainihi. Daga mutum huɗu zuwa takwas ya fi armashi.

A ina ya samo asali?

Tsohon wasan cikin gida ne na Turawa. A Ingila, gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri mai suna Call My Bluff a 1965, inda mutum uku ke kawo ma'ana uku ta kalma guda, biyu na ƙarya, abokan karawa su cinka. A 1984 kuma Laura Robinson da Paul Toyne suka mayar da shi wasan kati na sayarwa a Kanada, suka sa masa suna Balderdash.

Yaya ake ƙirga maki?

A tsarin Balderdash, duk wanda ya zaɓi ma'anarka ta ƙarya ya ba ka maki 1. Idan ka cinki ta gaskiya ka sami maki 2. Idan kowa ya kauce wa gaskiyar, alƙali ya kwashi 3. Bayan kowane zagaye sai alƙalancin ya koma hannun na kusa.

Za a iya yin sa da Hausa?

Ƙwarai kuwa, kuma ni a ganina da Hausa ya fi daɗi, domin muna da ɗimbin kalmomin da kakanninmu ke furtawa kullum amma yaran birni ba su taɓa ji ba. Ɗauki kalmar zunguru. Na taɓa jefa ta a tsakanin ƙannena da 'ya'yan yayata bayan sallar isha'i. Ɗaya ya rubuta: "doguwar sanda da ake kaɗo mangwaro da ita." Wata ta ce: "ƙaramin tsuntsu mai dogon baki da ke zama a bakin rafi." Ni kuma na rubuta gaskiyar: "dogon duma da mata ke zura hannu a ciki idan sun ƙunsa lalle." Kusan duka suka ruga wajen sanda, saboda kunnensu ya jiyo kalmar zungura a ciki. Innarmu na gefe tana tsinke zogale, da ta ji sakamakon sai ta ajiye tiren ta ce, "Yanzu ku zunguru ma ba ku sani ba?" Daga nan ta shiga ba su labarin yadda ake kwana da hannu a ciki, da safe a fito da shi ja wur. Hirar ta fi wasan tsawo.

Irin waɗannan kalmomi suna da yawa: zabira, jakar fata ta wanzami; mazari, abin kaɗin auduga; gafaka, jakar da ake sa Alƙur'ani; kurtu, mazubin tawada.

Wane ƙamus ya dace?

Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ya fi sauƙi tunda bayaninsa da Hausa yake. Na Bargery na 1934 ya fi tarin tsofaffin kalmomi, har yakan nuna wadda ta Katsina ce ko ta Sakkwato, sai dai da Turanci ya yi bayani, dole alƙali ya juya shi da kansa. A kula da karin harshe: abin da ya zama baƙo ga Bakano mai yiwuwa Basakkwace ko ɗan Damagaram da shi ya tashi. Shi ya sa kafin a fara rubutu alƙali zai tambaya ko akwai wanda ya san kalmar, in akwai a canza ta.

Mene ne sirrin ƙaryar da ke kama mutane?

Gajarta da kamun kai. Wanda ya tsawaita bayani ko ya nemi ba da dariya, nan take ake gane shi. Ƙamus yakan ce "wata irin ciyawa", "wani nau'in kifi", to ka bi wannan salon, ka ƙara ɗan bayani guda mai kama da na wanda ya ga abin da idonsa. Shi ma alƙali ya rage wa ma'anar gaskiya ƙyalli, ya rubuta ta da irin bakin 'yan wasan, in ba haka ba za ta yi fice.

Wannan ba koya wa yara ƙarya ba ne?

Tambaya ce mai kyau, na kuma ji iyaye suna yin ta. Kowa ya shigo ne da sanin cewa yawancin abin da za a karanto ƙirƙira ce, kuma ba a tashi sai an bayyana gaskiya. Mai tatsuniya ma yakan rufe da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Abin da nake jaddadawa kawai shi ne a maimaita ma'anar ainihi sau biyu a ƙarshen zagaye, domin kada yaro ya tafi da sandar mangwaro a kansa, kuma kada a sa kuɗi a ciki.